Masu son rok a Zariya: ɗakin atisaye muke buƙata

Masu sauraron kiɗan rok da metal, wato reshen rok mai nauyin sauti, a Zariya ba su da yawa, amma gardamarsu ba ta ƙarewa. A Samaru, a Kongo, har a shagunan masu tura waƙoƙi a waya a Sabon Gari, maganar ɗaya ce. Wasu sun ce kiɗan ya mutu tun da ƙungiyar Led Zeppelin ta watse a 1980, in sun sassauta su ce ya kai zamanin Metallica ta farko. Wasu kuma sun ce tsofaffin ƙungiyoyin nan sautinsu ya yi laushi, a ba su Gojira da Spiritbox da Sleep Token. A ganina duka ɓangarorin biyu shekara suke aunawa, alhali bambancin da kunnensu ke ji daga yadda aka yi aikin yake. Tsofaffin sun yi kiɗansu ne mutum huɗu a ɗaki ɗaya, kowa na ganin hannun ɗan'uwansa. Yawancin na yanzu a kwamfuta ake harhaɗa su, sashe bayan sashe. Kuma muddin yana da wuya a garin nan a sami ɗakin da mutum huɗu za su shiga su buga ganga da ƙarfinta, gardamar tamu za ta ci gaba da zama ta 'yan kallo.

A duba Black Sabbath, wadda kusan kowa ya yarda daga gare ta metal ya faro. Samari huɗu ne daga Birmingham, suka haɗu a 1968. Kundinsu na farko a yini ɗaya suka naɗe shi a watan Oktoba na 1969, ya fito a Fabrairun 1970. Abin da ya ba su damar haka shi ne sun riga sun goge a ƙananan wuraren wasa a Ingila da Jamus, inda suke hawa dandamali sau da yawa a dare guda. In ka kasa kunne za ka ji gudun kiɗan yana ɗan ƙaruwa in an shiga amshi, yana ɗan ja baya in an koma baiti, domin mai ganga yana bin mai jita, mai jita yana bin mai waƙa. Wannan numfashin shi ne masoya tsohon rok ke kira daɗi, ko da ba su san sunansa ba.

Nauyin sautin ma daga larura ya fito. Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar, yana ɗan shekara 17 injin yankan ƙarfe ya gutsure masa kan yatsu biyu a masana'anta. Ya ƙera wa yatsun murfi da roba, ya koma amfani da siraran tsirkiyoyi, daga baya a 1971 ya sassauta su, ya saukar da muryar jitar mataki ɗaya da rabi don yatsun su sami sauƙi. Saukarwar nan ita ta ba kiɗan duhu da kauri, kuma har yau a kanta ake gini: Korn ta zo da jita mai tsirkiya bakwai a shekarun 1990, Meshuggah ta Siwidin ta kai takwas.

Yanzu ga yadda ake haɗa yawancin sabbin kundaye. Ana fara kafa bugun ƙidaya a kwamfuta, wanda ba ya gaba ba ya baya. Mai ganga ya buga nasa shi kaɗai, sannan mai haɗa sauti ya bi kowane bugu ya daidaita shi a kan layi, sau da yawa ya maye gurbin sautin gangar da wanda aka riga aka naɗa a wani situdiyo. Mai jita ya buga salo ɗaya sau biyu ko huɗu, a raba hagu da dama, sautin kuma manhaja ce ke kwaikwayon amfilifaya. A gyara muryar mawaƙi, a matse komai don ya yi ƙara a ƙaramar sifikar waya. Abin yana fitowa tsaf, babu kuskure ko ɗaya, sai dai ƙungiyoyi goma za su iya fitowa da ganga mai murya iri ɗaya, domin daga rumbu ɗaya aka ɗebo ta. Wannan shi ne ainihin ƙorafin masoya tsohon kiɗa, kuma suna da gaskiya a kansa.

Inda suka kauce shi ne ɗora laifin a kan ƙuruciyar makaɗan. Kundin da aka fi kafa misali da shi wajen matse sauti har ya fashe na Metallica ne, wanda ya fito a 2008, lokacin ƙungiyar tana da shekara 27 da kafuwa. Masoyanta da kansu suka yi ta kuka cewa yana gajiyar da kunne. A ɗaya gefen kuma, duk wanda ya kalli Gojira ta Faransa a bikin buɗe gasar Olamfik a Paris a 2024, ko ya ga bidiyon wasan Meshuggah kai tsaye, ya san akwai sabbin makaɗan da hannunsu ya fi na magabatansu sauri da daidaito nesa ba kusa ba. Ga kuma wata alfarma da zamani ya kawo wadda mu ta fi shafa: abin da a 1970 sai kamfanin faifai ke iya biya, yau laftof da ƙaramin akwatin shigar da sauti mai ƙofa biyu sun isa a yi shi a ɗakin ɗalibi a Samaru.

Abin da ya fi ba ni takaici a gardamar shi ne kusan kullum tsakanin Ingila da Amurka take yawo. Nijeriya ta yi nata rok a shekarun 1970: BLO a Legas, The Funkees daga gabas, Ofege waɗanda 'yan makarantar sakandare ne lokacin da suka yi suna. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, da kansa ya tare a Legas ya buɗe situdiyo. Yau kuma akwai Arka'n Asrafokor a Togo masu haɗa metal da gangunan gargajiyarsu, akwai Overthrust da Skinflint a Botswana, akwai The Hu ta Mongoliya da ta gina kiɗanta a kan gogen ƙasarsu mai tsirkiya biyu. Mafi kusa da mu, Nijar. Bombino daga Agadas yake. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta, waƙoƙinsa suka yaɗu ta katin memori daga waya zuwa waya kafin Turawa su san da shi. Tal National ta Yamai tana waƙa har da Hausa. Tinariwen ta Mali ta ci kyautar Grammy a 2012. Irin su Bombino da Mdou Moctar a gidajen biki suka goge, suna kiɗa sa'o'i a jere a gaban mutanen da in kiɗan bai yi ba za su daina rawa. Makarantar da Black Sabbath ta yi ke nan, kuma ita ce makarantar makaɗan Shata da 'yan amshinsa, da ta masu kukuma irin su Hassan Wayam da ya yi zamansa a nan Zariya. Akwai ma dangantaka ta sauti: yawancin salon jitar rok a kan muryoyi biyar yake tafiya, irin waɗanda kukuma da gurmi da garaya suka saba da su, shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya baƙunta da jitar Agadas.

Ba zan tsallake maganar da iyaye ke yi ba, domin tana da tushe. Akwai ƙungiyoyin metal da suka ɗauki alamomin shaiɗanci da zagin addini a matsayin ado, kuma a farkon shekarun 1990 wasu matasan wannan layin a Norway sun ƙona majami'u, har aka ɗaure wasunsu. Wanda ya ce babu wannan bai faɗi gaskiya ba, kuma bai kamata yaro ya riƙa rera abin da bai san ma'anarsa ba. Amma a cikin kiɗan nan ne kuma ake samun waƙoƙin adawa da yaƙi, da masu nuna yadda ƙwaya ke mayar da mutum bawa, da na Gojira kan ɓarnar muhalli, da na Mdou Moctar kan yadda ake kwashe arzikin Nijar. Baitin ake karantawa a yanke hukunci. Wanda kuma ya bi fatawar barin kiɗa gaba ɗaya, wannan matsayinsa ne, ba da shi nake ja ba. Da masu sauraro nake magana.

To me ake buƙata don a sami ɗakin? Mita huɗu a faɗi, biyar a tsawo ya wadatar da mutum huɗu ko biyar. Abu na farko da ake kuskure a kai shi ne manna kwalin ƙwai a bango da zaton zai hana ƙara fita. Ba ya hanawa ko kaɗan. Nauyi ne ke tare sauti, don haka tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango, irin na cikin birni, ya fi bulo mai rami. In bulon ne, a cika raminsa da yashi ko a ƙara wani layi daga ciki a bar tazara tsakani. Ƙarar ta ƙofa da taga da rufin kwano take tserewa: a yi ƙofa biyu a jere, kowacce da roba a gefenta, a toshe taga, a yi silin mai kauri. Katifu da darduma da labule mai nauyi aikinsu daban ne, amsa-kuwwar cikin ɗaki suke ragewa don makaɗa su ji junansu. Ɗakin da aka toshe haka yana zafi sosai a bazara, saboda haka a bar hanyar iska mai lanƙwasa biyu, a yi hutu bayan kowane minti arba'in. Kafin a sa bulo ɗaya a je a gaida mai unguwa da maƙwabta, a yi yarjejeniyar lokaci: a tsaya cak lokacin kowace salla, a tashi kafin magariba. Ɗakin da maƙwabta ba su yarda da shi ba ba zai yi wata uku ba.

Wuta ita ce ta biyu, kuma a nan ake asarar kaya har da rai. Tamu bolt 230 ce. Amfilifaya da yawa da ake samu na hannu daga Amurka suke, an yi su don bolt 120, kuma in aka jona su kai tsaye nan take suke ƙonewa. A karanta rubutun bayan akwatin kafin a jona, in na 120 ne a nemo taransifoma mai saukar da wuta wadda ƙarfinta ya ninka abin da amfilifayar ke ja. Duka kayan ɗakin, wato amfilifayar jita biyu, ta bes (jitar nan mai kaurin murya), ƙaramar mikisa da sifika biyu na murya, ba su cika wuce wat 1,500 ba, don haka inbata mai kVA 2.5 ta isa, da sharaɗin ta zama mai tsabtatacciyar wuta. Inbata mai araha da ƙaramin janareta suna cusa zuuu a cikin sautin jita wanda babu maɓallin da zai cire shi. A jona komai a layi ɗaya, domin jona amfilifaya a wani soket, mikisa a wani, shi ma yana haifar da wannan gurnanin. Sannan wayar at, wato wadda ke kai wutar da ta zurara cikin ƙasa. Tsirkiyar jita a haɗe take da jikin amfilifaya, in babu at mai kyau, mutum na riƙe da jita leɓensa ya taɓa makirufo, wuta za ta bi ta jikinsa. Haka Les Harvey, mai jitar Stone the Crows, ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972. A kira mai wayarin ya kafa sandar tagulla a ƙasa mai danshi, ya sa bireka mai yanke wuta da zarar ta zurara, ta miliamf 30. Kada a karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket.

Wajen amfilifaya, iri biyu ce: wat 50 zuwa 100 na mai taransista, ko 15 zuwa 30 na mai bawul, wato mai ƙwayayen gilashi a ciki, sun isa jita ta fito a gefen ganga. Bes tana son 200 zuwa sama. Mai bawul ba a kunna ta sai an jona sifika, in ba haka ba taransifomar cikinta na iya lalacewa. A lura da om, wato awon turjiyar sifika ga wuta: sifika biyu masu om 8 in aka jona wayoyinsu gefe da gefe a amfilifaya ɗaya sun zama om 4, in amfilifayar ba ta ɗaukar ƙasa da 8 za ta yi zafi ta mutu. Kuskuren kowane sabon mai jita shi ne murɗa maɓallin da ke sa sautin jita kaushi zuwa ƙarshe ya kuma kashe na tsakiyar sauti, saboda haka yake jin daɗinsa shi kaɗai a ɗaki. Da ganga ta shigo sai jitar ta ɓace, ya ƙara ƙara, ɗan'uwansa ma ya ƙara, ɗakin ya zama hayaniya. A bar kaushi a biyar ko shida, tsakiya kada ya gaza biyar, maɓallin ƙasa, wato na kaurin sauti, a huɗu, domin ƙasan gonar mai bes ce. A ɗora amfilifaya a kan kujera ta fuskanci kunne. In tana ƙasa gwiwoyi take yi wa kiɗa.

Jita kuwa a nemi wadda maɗaukin sautinta mai maganaɗisu tagwaye ne, ita ce ke kashe gurnanin wuta in an sa kaushi. Sabon hannu ya guji jita mai gada mai lilo, wato wadda madogarar tsirkiyoyinta ke motsi, domin tsirkiya ɗaya ta tsinke sauran biyar duk sun sauka daga saiti. Tsirkiya mai lambar kauri 10 zuwa 46 ta dace da saitin da aka saba, har da wanda ake saukar da ta shida mataki ɗaya. In za a ƙara sauka har zuwa muryar da ake kira C, sai an koma 11 zuwa 54 ko 12 zuwa 56, in ba haka ba tsirkiyar za ta yi sako-sako, muryarta ta riƙa hawa duk lokacin da aka buga da ƙarfi. Bayan canza kauri a gwada: muryar tsirkiya in an danne ta a ƙarfe na 12 na wuyan jitar dole ta yi daidai da ta tsirkiyar a sake. In ta ɗara, a ja sirdin wannan tsirkiyar baya kaɗan, in ta gaza a turo shi gaba. Yanayin Zariya kuma ba ya tausaya wa katako. Jita tana son danshin iska kusan kashi 45 zuwa 55, hunturu kuwa yana saukar da shi ƙasa da 20. Katakon wuya ya tsuke, bakin ƙarafa ya fito yana yankan hannu, tsirkiya ta fara ƙarar gogawa. A ajiye ta cikin akwatinta da jiƙaƙƙen soso a cikin gwangwanin sabulu mai huji, kada ruwa ya taɓa katakon. In wuyan ya lanƙwashe, a murɗa sandar ƙarfen cikinsa da alanki kwata ɗaya kawai, a bari ta kwana kafin a ƙara. Da damina tsatsa ce matsalar: a goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa, mai bugawa kullum ya canza su duk wata ɗaya ko wata ɗaya da rabi.

Ganga ba ta buƙatar dogon bayani. Babbar ta ƙafa inci 22 da filo a cikinta, ƙaramar mai waya inci 14, kanana biyu, faifan tagulla uku. Feda tagwaye ta jira sai ƙafa ɗaya ta zauna. Masu iya bugawa suna nan a garin, a majami'un Sabon Gari da Wusasa da cikin makaɗan badujala na soja, kuma su ya kamata a nema a koya a wurinsu, a biya su haƙƙinsu. Kunne kuwa a kiyaye shi. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na sa'a takwas, duk ƙarin uku lokacin ya ragu da rabi, a desibel 100 minti 15 ke nan. Ƙaramin ɗaki mai ganga yana kai wannan cikin sauƙi. Kowa ya sa abin toshe kunne, domin jin da ya tafi ba ya dawowa.

Tsarin atisayen shi ne abin da duk wannan kashe kuɗin yake yi wa hidima. Kowa ya koyi sashensa a gida da manhajar ƙidayar bugu, ya fara a bugu 70 a minti, ya ƙara biyar-biyar sai in ya buga sau uku a jere babu tuntuɓe. A ɗaki kuma a kashe ta. Minti goma sha biyar na farko mai bes da mai ganga kaɗai, har sai yatsan wannan da ƙafar wancan sun faɗi tare, sannan jita ta shigo, murya a ƙarshe. Waƙa uku sun isa zama na sa'a biyu. A aje waya a kusurwa, nesa da faifan tagulla, a naɗi komai, a saurara tare kafin a watse. A nan ne mai ganga zai ji da kunnensa cewa yana gudu duk lokacin da ya zagaya, ba sai an gaya masa ba.

Wanda zai yi waƙar da Hausa, kuma ina fatan a yi, yana da wani aiki da Bature ba shi da shi. Hausa harshe ne mai karin sauti da dogon wasali da gajere. In muryar waƙa ta hau inda kalma ke sauka, ma'ana ta gurɓace, kuma gurnanin maƙogwaro irin na wasu mawaƙan metal yana shafe karin gaba ɗaya, mai sauraro ba zai tsinci komai ba. Hanyar da ta fi ita ce a rubuta baitin tukuna, a tafa shi da hannu a ji inda gaɓa mai nauyi da marar nauyi suke, sannan a ɗora salon jita a kan wannan tafin. In za a sa kukuma, a saita jita ta bi muryarta, domin ita ba ta da ƙarafa a wuya, a kuma manna mata ƙaramin maɗaukin sauti a jikin fata maimakon makirufo, wanda zai yi ta kuwwa a gefen amfilifaya. Kalangu yana zaune ne a tsakiyar sauti, daidai inda jita mai kaushi take, don haka in zai yi magana mai jita ya danne tsirkiya da gefen tafinsa ya rage ƙarfi, ya bar masa fili har ya gama, sannan ya saki hannu a amshi.